Suna da masauki da hanya: Darasin da katse layin waya ya bar wa matasan Wurno da Rabah da Goronyo

A 'yan shekarun nan da wuya ka zauna a majalisar matasa a Sakkwato ba ka ji wani yana zancen buɗe shafin intanet ba. Wannan yana son shafin da zai riƙa tallar albasa da tafarnuwa, wancan ƙungiyar ɗaliban garinsu ce ta ɗora masa nauyin samo mata shafi, wani kuma ya gama koyon tsara shafuka yana neman wanda zai fara yi wa aiki. Abin farin ciki ne. Sai dai yawancinmu hankalinmu yana kan kyan shafin ne, wato launi da hotuna da tambari. Kaɗan ne ke tambayar wa ke riƙe da makullinsa.

Kowane shafin intanet a kan abu uku yake zaune, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Akwai sunan da ake neman sa da shi, akwai masaukin da aka ajiye shi, akwai kuma hanyar da mutum ke bi daga wayarsa ya isa gare shi. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da mai iko da shi, kuma mai ikon yana iya rufewa. Mutanen gabashin Jihar Sakkwato ba a littafi suka karanta wannan ba. Sun gani da idonsu a shekarar 2021.

Yadda aka ɗauke sabis

A ranar 1 ga Satumba, 2021, 'yan bindiga suka sace ɗalibai 73 a makarantar sakandare ta Kaya da ke Ƙaramar Hukumar Maradun a Jihar Zamfara. Kwana biyu bayan haka Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin jihar, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle. Da farko mako biyu aka ce. Dalilin da aka bayar shi ne 'yan bindiga da waya suke shirya hari, da ita masu kai musu rahoto ke sanar da su motsin sojoji, da ita kuma suke cinikin kuɗin fansa.

Ba a daɗe ba Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13. A Sakkwato, tun farkon watan Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan dokar da ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Wajen ranar 20 ga watan ya bayyana a wata hira da Sashen Hausa na Muryar Amurka cewa an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, saboda ɓarayin da aka matsa wa lamba a Zamfara suna kwararowa. Matakin ya fi shafar gabashin jihar, yankin da ya taso daga Rabah da Wurno ya bi ta Goronyo har Isa da Sabon Birni. A ƙarshen watan Kaduna ma ta rufe wasu yankunanta.

Wanda bai san yankin ba zai iya ɗauka ƙauyuka ne da ba su damu da waya ba. Ba haka ba ne. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, a can kabarinsa yake tun 1837, kuma fadamarta ta yi suna wajen shinkafa da albasa da tafarnuwa. Rabah mahaifar Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello ce. Goronyo kuwa a nan babban dam ɗin Gulbin Rima yake, wanda manoman rani da birnin Sakkwato kansa suka dogara da ruwansa. Wurare ne na noma da fatauci, kuma fataucin yau a kan waya yake tafiya.

Abin da ya tsaya cak

Manomin albasa kafin ya ɗora buhu a mota sai ya kira dillalinsa ya ji yadda kasuwa ta kwana. Da sabis ya ɗauke, sai dai ya yi lodi a kan sa'a, ko ya sayar a gida yadda mai saye ya taya. Masu POS, waɗanda su ne bankin talaka a garuruwan da babu reshen banki, na'urarsu ta koma abin ado. Ɗan da ke neman kuɗi a Legas ko Fatakwal yana iya turo wa mahaifiyarsa kuɗi, amma babu alat, babu inda za ta cira, babu ma yadda zai gaya mata ya turo. Jama'a suka koma ba direbobin haya saƙon baka da wasiƙa, kamar zamanin kakanni. Wasu kuma sai sun biya kuɗin mota zuwa cikin Sakkwato don kiran da bai wuce minti biyar ba.

Mu ɗalibai abin ya same mu ta wani ɓangaren. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma karɓar gurbin karatu ma ta intanet ne. A 2021 an rubuta jarrabawar a watan Yuni zuwa farkon Yuli, saboda haka lokacin da aka ɗauke sabis ya zo daidai da watannin da ɗalibi ke zuba ido ya ji ko jami'a ta buɗe fom ɗin tantancewa, ko sunansa ya fito. Shafin jami'a ba ya jiran kowa. Ɗan birni yana dubawa daga kan gadonsa, ɗan Gandi ko Achida kuwa sai ya yi tafiya, ya biya kuɗin kafe, wani lokaci ya tarar babu wani sabon labari ya juyo.

Mafi muni shi ne abin da ya shafi rai. Wayar da ɓarawo ke amfani da ita, ita ce kuma mutumin ƙauye ke kiran maƙwabta da jami'an tsaro da ita idan ya hango babura. A garuruwan bakin iyaka an yi ta ba da rahoton cewa 'yan bindiga sun koma amfani da layukan Jamhuriyar Nijar, waɗanda umarnin NCC bai shafa ba. A ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, aka kai hari kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci. Gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kwanaki kaɗan bayan haka Gwamna Tambuwal da kansa ya nemi Gwamnatin Tarayya ta maido da layukan, yana mai cewa rashin sabis ɗin yana kawo wa jami'an tsaro cikas a aikinsu.

Babu mai cewa gwamnonin nan sun ɗauki matakin ne don su cuci talaka. Ana kashe mutane kullum, kuma da yawa daga cikin jama'a sun yi na'am da shi a farko, suna fatan za a yi ta ta ƙare cikin mako biyu. Amma makonni suka zama watanni a wasu wuraren, aka maido da sabis a jihohin ɗaya bayan ɗaya kafin ƙarshen shekarar, ɓarayin daji kuwa suna nan.

Hanya: daga wayarka zuwa teku

Idan ka danna sunan wani shafi a wayarka kana zaune a Goronyo, saƙon yana tashi zuwa ƙarfen sabis mafi kusa da kai. Daga nan ya bi ta wasu turakun ko ta wayar da aka binne a ƙasa zuwa cibiyar kamfanin, ya gangara har Legas. Idan shafin a ƙasar waje yake, sai ya shiga manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su SAT-3 da MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano, ya tsallaka zuwa Turai ko Amurka, amsa ta biyo sawu ta dawo. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Ana iya datse wannan hanya ta fuska biyu, kuma yana da kyau mu bambance su. Ta farko ita ce a kashe turakun baki ɗaya, kamar yadda aka yi mana. A nan babu kira, babu tes, babu data. An taɓa yin irin haka a Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, lokacin dokar ta-ɓaci. Maƙwabtanmu na Nijar su ma an katse musu intanet na waya har kusan kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairun 2021.

Ta biyu ita ce a bar hanya a buɗe amma a toshe ƙofa guda. Misalin da kowa ya sani shi ne na Twitter, wanda yanzu ake kira X. Bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da shi a ranar 4 ga Yuni, 2021, washegari kamfanonin waya suka toshe shi. Sai ranar 13 ga Janairu, 2022 aka buɗe, bayan kwana 222, da sharuɗɗan da suka haɗa da yin rajista a Najeriya da biyan haraji. A farkon 2021 ɗin ma masu karatu a cikin ƙasar sun wayi gari ba sa iya buɗe shafin jaridar Peoples Gazette a kan manyan layukan waya.

A lokacin rufe Twitter ne matasa da yawa suka fara jin sunan VPN. Manhaja ce da ke naɗe saƙonka ta kai shi wata kwamfuta a wata ƙasa, daga can ya wuce inda kake so, ta yadda kamfanin wayarka ba ya ganin ƙofar da ka nufa. Tana aiki idan ƙofa ɗaya aka toshe. Idan turke aka kashe ba ta da wani amfani, domin ita ma sai da sabis take tafiya. Wannan ne ya sa ɗan Legas ya ci gaba da rubutu a Twitter duk da haramcin, ɗan Rabah kuwa ko gaisuwa bai iya aikawa ba. A kuma lura, VPN na kyauta ba kyauta ba ne. Duk abin da ka aika ta hannun mai shi yake bi, kuma ba ka san shi ba.

Suna: wa ke rubuta shi a rajista?

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace kwamfutar da ke ɗauke da shafi tana da lambarta, kamar yadda kowane layin waya ke da tasa. Tun da ɗan Adam ba zai iya haddace lambobi masu yawa haka ba, sai aka ƙirƙiro wani tsari a 1983 da ake kira DNS, wanda ke aiki kamar jerin sunayen da ke cikin wayarka: ka danna suna, ita ta nemo lamba. Idan ka rubuta udusok.edu.ng, tsarin ne ke gano lambar kwamfutar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya kai ka can.

Wutsiyar sunan ita ke nuna wanda ke riƙe da rajistar. Kowace ƙasa tana da tata mai harafi biyu: Najeriya .ng, Nijar .ne, Ghana .gh. An ware wa Najeriya tata tun 1995, kuma ƙungiyar da ke kula da ita yanzu ita ce NiRA, wadda aka kafa a 2005. A ƙarƙashin .ng akwai rassa: .gov.ng na hukumomin gwamnati, .edu.ng na manyan makarantu, .sch.ng na sauran makarantu, .org.ng na ƙungiyoyi, .com.ng na kasuwanci, .name.ng na ɗaiɗaikun mutane. Wasu rassan a buɗe suke ga duk mai kuɗin biya. Wasu kuwa, kamar .gov.ng da .edu.ng, sai an kawo takardun shaida.

Wannan bambanci yana iya tsare maka kuɗinka. Idan aka turo maka shafin ɗaukar aiki ko tallafin karatu a WhatsApp aka ce na gwamnati ne, dubi wutsiyar kafin komai. Shafin JAMB jamb.gov.ng ne, na NECO neco.gov.ng. Ɗan damfara yana iya sayen suna mai ɗauke da kalmar JAMB ya liƙa masa wata wutsiya daban, ya kwaikwayi tambarin hukumar tsaf, amma samun .gov.ng ba abu ne mai sauƙi a gare shi ba.

Ba a zuwa wurin NiRA kai-tsaye a sayi suna. Akwai kamfanonin da ta amince da su, ta hannunsu ake yin rajista, kuma jerin sunayensu yana shafinta. Kalmar saye ma ba ta cika daidai ba, domin haya ce ta shekara-shekara. Idan shekara ta cika ba ka sabunta ba, za a ɗan ba ka wa'adi, daga nan a saki sunan, duk wanda ya riga ya ɗauka. Ka yi tunanin ƙungiyar manoman tafarnuwa ta buga sunan shafinta a kan buhuna da kalanda, sannan ta wayi gari sunan yana kai mutane shafin caca. Haka yana faruwa, kuma galibi dalilin bai wuce cewa saƙon tunatarwa ya tafi imel ɗin wanda ya daɗe da barin ƙungiyar ba.

To, wanne ya fi, .com ko .com.ng? Matasa da yawa suna ganin .com ya fi burgewa. Amma rajistar .com tana hannun kamfanin Verisign ne na Amurka, saboda haka dokar Amurka ce ke hawa kanta. A watan Yunin 2021 gwamnatin Amurka ta ƙwace sunayen shafuka fiye da 30 masu alaƙa da Iran, har da na tashar Press TV, wadda dole ta koma amfani da wutsiyar ƙasarta, .ir. Sunan .ng kuma dokar Najeriya da ƙa'idojin NiRA ne ke hawa kansa. Babu sunan da ba shi da uban gida, sai dai ka zaɓi wanda za ka zauna a ƙarƙashinsa. Ta fuskar aljihu kuwa, kuɗin .com da dala ake lissafa shi, kuma duk wanda ya sabunta irin wannan suna bayan faɗuwar naira a 2023 ya ji a jikinsa. Na .com.ng da naira ake biya.

Akwai wata 'yar matsala da ta shafe mu masu Hausa. A aikace sunan shafi ba ya ɗaukar ɗ da ƙ da ɓ, kuma ba a sa masa alamar da ke gaban 'ya'ya. Ga kuma garuruwanmu da rubutu biyu: Rabah da Raba, Sokoto da Sakkwato. Zaɓi suna gajere wanda idan ka faɗa wa mutum a waya zai rubuta daidai ba sai ya sake tambaya ba.

Masauki: ina shafin yake kwana?

Suna adireshi ne kawai. Rubutu da hotunan shafin dole su zauna a cikin wata kwamfuta da ba a kashewa dare da rana, wadda masu harkar ke kira saba. Irin waɗannan kwamfutoci ana tara su ne a manyan gine-gine masu sanyi da wutar da ba ta yankewa. A Najeriya akasarinsu suna Legas, kamar Rack Centre da MDXi, sai na Galaxy Backbone mallakar Gwamnatin Tarayya a Abuja. Kamfanonin masauki suna yanka wuri a cikin waɗannan kwamfutoci su ba mu haya.

Hayar iri-iri ce, kamar ta gida. Akwai ta gidan haya mai ɗakuna da yawa, inda ɗaruruwan shafuka ke zaune a kwamfuta guda. Ita ce mafi araha, kuma ta ishi makaranta ko ƙaramar sana'a, sai dai idan maƙwabci ya cika hayaniya kowa zai ji nauyi. Akwai wadda ake keɓe maka sashenka, akwai kuma ta gida sukutum, wadda bankuna da manyan hukumomi ke kamawa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kamfani yana iya zama na Najeriya, ka biya shi da naira, amma kwamfutar tana Jamus ko Amurka. Wannan yana da amfani yana da illa. Illar ta fito fili a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da manyan wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa. Shafin da ke masauki a cikin gida, wanda saƙonsa ke bi ta mahaɗar intanet ta ƙasa da ake kira IXPN, bai dogara da teku ba kafin ɗan Najeriya ya buɗe shi. Amfanin masaukin waje kuwa shi ne ba a iya zuwa a kashe kwamfutar da umarnin wata hukuma ta gida, dalilin da ya sa wasu 'yan jarida suka fi son sa. Amma ko a can mai gidan yana da dokokinsa, yana kuma iya korar ɗan haya.

Wani zai ce, me ya kai ni duk wannan wahala alhali ina da shafi a Facebook da TikTok kyauta? Gaskiya ne, kuma a nan masu saye suke. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Shafin da ke Facebook na Facebook ne. Ranar da kamfanin ya ga dama ya rufe shi, ko gwamnati ta toshe dandalin kamar yadda aka yi wa Twitter, mabiyanka dubu goma sun tafi, ba ka da lambar ko mutum ɗaya daga cikinsu.

Me doka ta ce?

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayi da karɓar bayanai da isar da su. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci ta hanyar doka saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Dokar Sadarwa ta 2003, a sashe na 148, ta ba NCC ikon dakatar da ayyukan sadarwa idan aka shiga halin gaggawa. Saboda haka gardamar ba a kan ko gwamnati tana da iko take ba. Tana kan yadda ake amfani da ikon: wa ya yanke shawara, har tsawon wane lokaci, wa zai duba ko matakin ya yi amfani, wa kuma zai ɗauki asarar mai POS da manomi?

Kotun ECOWAS ta taɓa waɗannan tambayoyi fiye da sau ɗaya. A watan Yunin 2020 ta yanke hukuncin cewa katse intanet da Togo ta yi a lokacin zanga-zangar 2017 ya saɓa wa doka. A watan Yulin 2022 kuma ta ce dakatar da Twitter da Najeriya ta yi ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, ta umarci kada a sake. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: ƙungiyar Access Now ta ƙirga katse intanet sau 182 a ƙasashe 34 a shekarar 2021 kaɗai, fiye da rabi a Indiya.

Abin lura shi ne, rufe Twitter ya samu lauyoyi da ƙungiyoyi da suka kai ƙara har aka yi hukunci, duniya ta yi ta magana. Rufe layin miliyoyin mutane a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna bai samu ko kusa da wannan kulawa ba, ga shi kuwa a nan ne mutum ya rasa yadda zai kira motar da za ta kai mai naƙuda asibiti. Waɗanda abin ya shafa ba su da hanyar yin kuka a ji, domin hanyar ce aka rufe.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ga mai niyyar buɗe shafi, na kansa ko na makaranta ko na ƙungiya, abu na farko shi ne rajistar sunan ta kasance da sunan mai shi. Sau da yawa wanda aka ba kwangilar tsara shafin shi ke yin rajista da imel ɗinsa, ranar da aka ɓata kuma ya tafi da sunan. Idan na ƙungiya ne, a buɗe imel na ƙungiya, mutum biyu amintattu su san kalmar sirri, a miƙa ta ga sababbin shugabanni tare da littafin asusu.

Na biyu, a rubuta ranar ƙarewar haya a takarda, ba a waya kaɗai ba. Idan da hali a biya shekara biyu ko uku a haɗe. Kuma ya kasance akwai wani a wajen yankin, ɗan uwa a Sakkwato ko Kano ko Abuja, wanda zai iya sabuntawa ya kuma sa sanarwa a shafin idan sabis ya ɗauke a gida. A tuna, ranar da aka kashe turakun Goronyo, shafin da ke masauki a Legas bai mutu ba. Duk duniya tana ganin sa, mai shi ne kaɗai ba ya iya kaiwa gare shi.

Na uku, a riƙa sauke kwafin shafin lokaci-lokaci a ajiye a filashi ko kwamfuta, domin idan mai masauki ya rufe a iya tashi a koma wani wurin. Na huɗu, a yi shafi marar nauyi. Mutanenmu da yawa sabis ɗinsu rarrauna ne, datarsu kuma ƙirgaggiya ce. Shafin da aka cika da manyan hotuna da bidiyo ba zai buɗe a Gandi ba ko da babu wanda ya toshe shi.

Ga sauran ɗalibai kuwa, ko ba ka da shafi darasin ya shafe ka. Duk takardar da ka cire a intanet, ta JAMB ce ko sakamakon jarrabawa ko rasidin kuɗin makaranta, buga ta a takarda ka adana. Sauke littattafai da darussa a waya tun sabis yana nan. Rubuta muhimman lambobi a littafi. Kada kuɗin gida duka su zauna a asusun da sai da netwok ake taɓa shi. Wasu suna ganin intanet na tauraron ɗan Adam, irin na Starlink da ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, shi ne mafita tun da ba ya buƙatar turke. Yana da amfani ga makaranta ko asibiti, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, kuma shi ma da lasisin NCC yake aiki.

Matsalar tsaro a gabashin Sakkwato ba ta ƙare ba, saboda haka babu mai iya rantsuwa cewa ba za a sake kawo shawarar kashe turaku ba. Idan ranar ta zo, ya kamata a samu matasa daga Wurno da Rabah da Goronyo waɗanda suka san yadda abin ke aiki, suka kuma riƙe tarihin 2021 da kwanan wata, waɗanda za su iya zama da ɗan majalisarsu da hakiminsu su tambaya cikin ladabi: kwana nawa za a yi, wace hanya aka tanadar wa mai neman agaji, kuma me aka samu a wancan karon? Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya sa kada a sake kaiwa ga haka.